Contra: Wasan da abokin tafiyarka ya fi abokan gaba haɗari

A mataki na uku na wasan bidiyon Contra ba gaba ake nufa ba, sama ake hawa. Dutse ne ruwa na gangarowa ta jikinsa, ana tsalle daga tudu zuwa tudu, manyan duwatsu na faɗowa daga kogo, sojoji na ɓullowa ta hagu da dama. Idan mutum ɗaya ne ke wasan, matakin ba shi da wata wahala ta a-zo-a-gani. Idan mutum biyu ne kuwa, allon yana bin wanda ya fi saurin hawa, kuma duk wanda gindin allon ya haɗiye ya mutu, ko da harsashi bai taɓa shi ba. Wato ɗan'uwanka yana iya kashe ka ba tare da ya harbe ka ba, laifinsa kawai ya riga ka tsalle. Shi ya sa da wuya a sami ɗakin da aka taɓa kunna wannan kaset ba a ji wani ƙane yana ihu ba, "Yaya, dakata mana! Kar ka hau!", yayan kuma yana mayar masa, "To kai me ka tsaya yi?"

Wasu za su kira wannan aibi. Ni a ganina shi ne ƙashin bayan wasan, shi ne kuma dalilin da ya sa gem ɗin da gwani zai gama cikin minti ashirin ya riƙe yara wata da watanni.

Kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da Contra a watan Fabrairun 1987, kuma ba don gida aka fara yin sa ba. Na'urar gidan wasa ce, irin dogon akwatin nan da ake jefa wa sulalla kafin ya ba ka dama. Bayan shekara guda, a Fabrairun 1988, aka sauko da shi kan na'urar gida ta Nintendo, wadda ake kira Famicom a Japan, NES kuma a Amurka. Wannan na gidan shi ne ya zama Contra ɗin da duniya ta sani. Labarinsa bai taka kara ya karya ba: sojoji biyu, Bill Rizer da Lance Bean, aka tura su wani tsibiri su tarwatsa wata runduna mai suna Red Falcon, sai daga baya ta bayyana cewa wasu halittu ne daga wata duniyar ke juya akalarta. Duk wanda ya kalli finafinan su Kwamando da Rambo na wancan zamani ya san inda aka samo samarin nan masu ƙirar ƙarfi, ba riga, ƙyalle ɗaure a goshi. Matakai takwas ne: daji, sansani na farko, dutsen ruwa, sansani na biyu, filin ƙanƙara, tashar makamashi, rumbun jirage, sannan ramin halittun, inda ake ƙarewa da harbin wata ƙatuwar zuciya mai bugawa.

Dokar wasan guda ce, kuma ba sassauci a cikinta: taɓawa ɗaya, rai ɗaya. Babu ma'aunin lafiya da ke raguwa a hankali. Harsashin da bai kai ƙwayar gero ba a allo, da ƙaton tanki mai ƙayoyi a gaba, duk hukuncinsu ɗaya ne. Rai uku ake ba ka, idan sun ƙare kana da damar ci gaba sau uku, daga nan sai a koma farko. Wannan gado ne daga gidan wasa, inda ribar mai na'ura ta dogara ga ka mutu da wuri ka sake jefa kuɗi. To amma a gida babu sulallan da za a jefa, me ya sa aka bar tsananin? Saboda kaset na da tsada, abin da ke cikinsa kuma ɗan kaɗan ne. Gwanayen tseren kammala wasa suna gama Contra yanzu cikin ƙasa da minti goma. Da an sauƙaƙa shi, da yaro ya cinye kuɗin ubansa kafin a kira la'asar. Wahalar ce ta miƙar da shi.

Sai dai tsanani kaɗai ba ya sa a so wasa. Kaset masu wahala sun yi yawa a zamanin, mafi yawansu an manta da su, domin wahalarsu ta zalunci ce: ka danna tsalle mutuminka ya yi nawa, ko abu ya buge ka daga inda ba ka gani. Contra ya bambanta ne a hannu. Madanni biyu kacal gare shi, ɗaya na harbi ɗaya na tsalle, amma kana iya harbi ta kusurwa takwas, kana gudu kana harbi, kana sama kana harbi. Idan ka yi tsalle mutumin yana dunƙulewa ya yi alkafura, jikinsa ya ƙanƙance, kuma kana iya karkatar da shi hagu ko dama tun bai sauka ba. Idan ka danna ƙasa ya kwanta ruf da ciki, harsasai su bi ta kansa. A cikin kogin mataki na farko ma nutsewa yake yi, babu abin da ke samunsa har sai ya ɗago. Harsasan abokan gaba kuma ba su da gudu, ana ganin tahowarsu. Saboda haka idan ka mutu, ka san abin da ka yi. Ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi, in ba fa akwai wani zaune kusa da kai riƙe da ɗayan fad ɗin, wato abin madannan da ake wasan da shi, ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne bindiga. Yawancin mutane suna ɗauka rai ne dukiyar Contra, alhali bindiga ce. Ana fara wasa da wata 'yar bindiga mai fitar da harsashi ɗai-ɗai. A hanya wasu kwanso suna shawagi a sama, wasu kuma akwatuna ne a jikin dutse masu buɗewa da rufewa. Idan ka harbe su sai alamar shaho ta faɗo ɗauke da harafi. M tana ba ka mashinga, ka danne madanni ta yi ta zuba. F wuta ce mai tafiya tana murɗawa, ga nawa. L haske ne mai ƙarfi sosai, amma tana da wani hali: idan ka sake dannawa kafin harbin farko ya isa, sai ya ɓace sabo ya fito, don haka mai rawar hannu zai yi ta dannawa ba abin da ke wuce tsawon kamu biyu a gabansa. R tana ƙara sauri, B tana ba ka kariya ta ɗan lokaci. Sannan ga S, wadda ke watsa harsasai biyar a lokaci guda, suna bajewa suna share rabin allo.

S ta fi sauran nesa ba kusa ba, kuma tana da wani sirri da ya samo asali daga ƙarancin ƙarfin na'urar. An ƙayyade yawan harsasan da ɗan wasa zai iya samu a allo lokaci guda. Sai wasu sun ɓace ake ba shi damar sakin wasu. Idan ka tsaya nesa da bos, wato babban abokin gaban da ke ƙarshen mataki, harsasan suna ɗaukar lokaci kafin su isa ko su fice daga allo, sai harbinka ya riƙa yankewa. Idan ka matsa ka manne masa, duka biyar ɗin suna shiga jikinsa nan take, gurbi ya buɗe, ka sake saki. Katangar ƙarshen mataki na farko, mai igwa biyu da maharbi a samanta, tana rushewa cikin 'yan daƙiƙu idan aka yi mata haka. Ka ga ke nan wasan yana saka wa mai ƙarfin hali, mai raɓe-raɓe kuma yana daɗewa a cikin ruwan harsashi.

Amma da zarar ka mutu, bindigar ta tafi. Za ka dawo nan take a inda ka faɗi, kana ƙyalƙyali na 'yan daƙiƙu babu mai iya taɓa ka, amma da 'yar bindigar farko a hannunka. Mutuwa ɗaya a filin ƙanƙara, gab da tankin nan da ke matso ka zuwa bangon allo, tana iya jawo uku a jere, domin ba ka da ƙarfin wutar da za ta fasa shi kafin ya iso. Har ila yau bindiga ɗaya ake riƙewa, kuma duk harafin da ka taka ya maye gurbin na hannunka. Mai S da ya yi tsalle ya faɗa kan F bisa kuskure ya yi asarar da ta fi ta rai ciwo.

Yanzu a kawo mutum na biyu. A lissafi ya kamata wasan ya sauƙaƙa, bindiga biyu ai ta fi ɗaya. A zahiri kuwa abubuwa uku ne suka zama na tarayya, kuma kowannensu abin rigima ne.

Allon dai ɗaya ne. Ban da abin da ke faruwa a dutsen ruwa, a matakan da ake tafiya dama ma akwai irinsa: idan na baya ya maƙale a bangon hagu, allon ba ya gaba. Na gaba zai ɗauki tsalle ya ƙetare rami yana zaton fili zai buɗe masa, allon ya ƙi motsi, ya zurma. Mai sauri yana kashe mai nawa a wani mataki, mai nawa yana kashe mai sauri a wani. Gadojin mataki na farko da ke fashewa da zarar an taka su ma haka ne, wanda ya riga hawa ya bar wa na baya ruwa.

Bindigar ma sau da yawa ɗaya ce ke faɗowa a gabanku. Abin ya yi kama da tsoka ɗaya a kwanon tuwon mutum biyu: kowa ya gan ta, kowa ya san wanda ya kamata ya ɗauka, amma hannu ba ya jiran shawara. Idan hankali za a bi, wanda ya fi daɗewa bai mutu ba shi ya kamata ya riƙe S, domin a hannun ɗan koyo ba za ta yi minti ɗaya ba. Idan adalci za a bi, wanda ba shi da komai ya kamata a bar wa. Wasan bai yanke hukunci ba, ya bar muku ku daidaita.

Na ukun shi ne ya fi raba zumunci. Idan rayukanka sun ƙare alhali abokinka yana da saura, kana iya danna madanni ka ɗauki ɗaya daga nasa ka dawo fili. Ba a tambayarsa, ba a neman izininsa. Yana can ya duƙufa da harbi, sai ya ga lambobin yabon da ke saman allo, waɗanda ke nuna rayukansa, sun ragu da ɗaya. Da yawa sun koyi yin hakan a sace, su kuma yi fuska kamar na'urar ce ta dawo da su da kanta. A nan ne nake ganin gwanintar masu tsara wasan. Da sun hana, da ɗan koyo ya ajiye fad ya zauna kallo tun mataki na biyu. Da sun raba rayukan daidai da kansu, da babu abin faɗa. Sai suka buɗe ƙofar suka bar mabuɗin a hannun wanda ya fi buƙata, wanda kuma ya fi kowa iya ɓarnatarwa.

Matakan sansani biyu sun ɗan sassauta wannan. A cikinsu ana kallon sojojin ta baya, suna harbi zuwa cikin wani dogon lungu, waya mai lantarki ta tare gabansu har sai sun fasa maƙallan da ke jikin bango. Babu rami, babu allon da ke gudu, saboda haka nan ne kaɗai mutum biyu ke raba aiki cikin lumana, ɗaya ya kwanta yana share gurnetin da ke mirginowa, ɗaya ya tsaya yana dukan bango. Ni dai ban taɓa jin daɗinsu kamar sauran ba, amma suna ba da damar numfashi.

Ba a maganar Contra a tsallake lambar sirri: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, madannin B, madannin A, a danna a allon farko kafin a fara. Maimakon rai uku sai a sami 30. Ba don Contra aka ƙirƙire ta ba. Wani ma'aikacin Konami, Kazuhisa Hashimoto, shi ya saka ta a 1986 lokacin da yake sauko da wasan jirgi mai suna Gradius kan na'urar gida. Wasan ya yi masa wuyar gwadawa, sai ya yi wa kansa gajeriyar hanya, aka kuma fitar da kaset ɗin ba a cire ta ba. Contra ne ya yi mata suna a Amurka, inda ta bi bakin yara a makarantu da shafukan mujallun wasanni. Hashimoto ya rasu a Fabrairun 2020. Kamfanin ma ya riƙa wasa da ita daga baya: a Gradius III na Super Nintendo, wanda ya danna ta yadda ya saba, jirginsa ne ke tarwatsewa.

A lissafa: rai uku sau huɗu, 12 ke nan, ban da ɗan abin da maki ke ƙarawa. Da lambar sirri kuwa 30 sau huɗu, 120. Akwai masu ganin duk wanda ya gama wasan da ita bai gama ba. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Lambar ba ta rage gudun harsashi ko ɗaya, ba ta mayar maka da S idan ka mutu. Abin da take yi shi ne ta ba ka damar ganin mataki na shida da na bakwai, ka haddace lokacin da wuta ke feso daga bututu da lokacin da faratan ƙarfe ke saukowa daga rufi, abin da mai rai uku zai yi makonni bai ko leƙa ba. Kusan duk wanda ya iya gamawa da rai uku, da talatin ya koya. A wasan mutum biyu kuma ita ce ke sa satar rai ta zama abin dariya maimakon abin dambe.

Duk wannan an gina shi ne a kan na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce kilobayit 2 ba. Siffofi masu motsi 64 kawai take iya nunawa a lokaci guda, kuma takwas kacal a kan layi ɗaya na allo. Shi ya sa idan fili ya cika sai ka ga sojoji da harsasai suna ƙiftawa, na'urar ce ke nuna su bi da bi. Shi ya sa kuma Bill da Lance suka zama mutum ɗaya a na gida, bambancinsu launin wando, shuɗi da ja, alhali a na gidan wasa kowa da kamanninsa. Manyan bos ɗin ma yawancin jikinsu ba siffa mai motsi ba ce, zanen bango ne, sai hannuwa ko baki ko igwa aka ɗora a kai suna motsi.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Contra na gida ba ɗaya ba ne, uku ne. A Japan a lokacin wasu kamfanoni irin su Konami na da 'yancin ƙera kaset ɗinsu, sai Konami ta saka wani ƙarin guntun lantarki nata mai suna VRC2. Da shi ne itatuwan daji ke kaɗawa, ƙanƙara ke zuba, taswira ke fitowa tsakanin mataki da mataki, sojojin kuma suna magana ta rediyo. Labarin can yana faruwa ne a shekarar 2633, a wasu ƙagaggun tsibirai masu suna Galuga kusa da New Zealand. A Amurka a lokacin Nintendo ce ke ƙera kaset ɗin kusan kowa, ba ta karɓar irin wannan guntu, don haka duk adon nan ya zube, littafin da ke cikin kwali kuma ya mayar da labarin zamanin da ake ciki, a dazukan Kudancin Amurka. Turai ta jira har 1990, kuma abin da ta samu sunansa Probotector. Dokokin kare yara na Jamus a lokacin suna da tsauri kan wasan da ake harbe mutane, sai aka mayar da jaruman biyu da yawancin abokan gaba mutum-mutumin ƙarfe. Haka Turawa suka yi ta wasa da mutum-mutumi har zuwa 1996, kafin jerin ya koma sunansa na asali a can.

Abin da ya biyo baya sananne ne: Super C a 1990, Contra III a 1992, Hard Corps a kan na'urar kamfanin Sega a 1994. Wannan na ƙarshen ya nuna yadda kasuwa ke juya wahala. Na Japan yana barin a buge ka sau uku kafin rai ya fita, ci gaba kuma ba iyaka. Na Amurka taɓawa ɗaya ce, ci gaban ma ƙidayayye. Dalilin da aka fi kawowa shi ne hayar kaset, wadda ta zama ruwan dare a Amurka amma doka ta bai wa kamfanoni ikon hana ta a Japan: ba a son yaro ya yi haya ranar Asabar ya gama ranar Lahadi. Wasu kamfanonin ma sun yi wasanni masu irin salonsa: wasu tsofaffin ma'aikatan Konami sun kafa kamfanin Treasure suka fitar da Gunstar Heroes a 1993, Metal Slug ya zo a 1996, Cuphead a 2017. Sabon Contra na 2024, Operation Galuga, ya bar wa ɗan wasa zaɓi tsakanin ma'aunin lafiya da tsohuwar dokar taɓawa ɗaya.

Mu kuwa a nan Najeriya, kamar Rasha da Sin da sauran wurare da dama, ba ta hannun Nintendo wasan ya iso yawancin gidaje ba. Ta na'urorin kwaikwayo ya zo, masu arha, da kaset ɗin nan masu iƙirarin wasanni ɗaruruwa ko dubbai a ciki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Contra kan fito a jerin sau da yawa: wannan ya fara da rai 30, wancan ya fara da S a hannu, wani ya jefa ka mataki na biyar kai tsaye. Shi ya sa akwai waɗanda suka yi shekaru suna wasan ba su taɓa sanin akwai wata lambar sirri ba, an riga an danna musu ita tun daga masana'anta.

Akwai kuma bambancin da ba a gani da ido. An tsara wasan ne don talabijin ɗin Japan da Amurka, masu sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Tsarin PAL, wanda Najeriya ke amfani da shi, sau 50 ne, kuma yawancin na'urorin kwaikwayon da aka ƙera don irin waɗannan ƙasashe a kan 50 ɗin suke tafiya. Wasan yana lissafin komai ne da hoto-hoto, don haka gudu da tsalle da harsashi da kiɗa duk sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wanda ya gwanance a kan irin wannan na'ura, idan yau ya kunna na asali a kwamfuta ko a tarin da Konami ta sake fitarwa a 2019, zai ji kiɗan daji ya ƙara zafi, tsallen da hannunsa ya haddace kuma ya riƙa zuwa a makare.